Daga robar diren zuwa muciya: lissafin jinyata

Asabar 18 ga Janairu, 2025. Kwana 4

Da hagu nake danna wayar nan, dan haka duk inda kuka ga harafi ya tsere ku yi min uzuri. Talatar da ta wuce, 14 ga wata, aka shiga da ni ɗakin tiyata aka sake gina min nonon dama, yau da hantsi aka sallamo ni, ga ni a ɗakina a Unguwar Dosa an tokare ni da filo uku kamar matar sarki, robobin diren biyu masu fitar da ruwan ciwo na lilo a gefena kowacce da 'yar gorarta a ƙasa. Ni malamar lissafi ce, abin da ban rubuta ba gani nake kamar bai faru ba, shi ya sa zan riƙa ajiye komai da kwanan watansa.

Ga wadda ba ta san farkon zancen ba: a 2023 aka cire min nonon dama saboda kansa, aka haɗa da kaluluwar hammata, na sha kemo, na yi gashin na'ura. Alhamdulillahi ciwo ya lafa. To amma fiye da shekara ina fama da cushe-cushe a rigar mama, na fara da safa, na koma soso, daga baya ƙanwata ta sayo min na roba a Abuja, ga nauyi ga zafi, a watan Afrilun Kaduna in kin cire shi da yamma fatar wurin duk ta jiƙe ta feso da ƙuraje. Ranar da ya sulluɓo ina ruku'u a masallacin makaranta na danne shi da gwiwar hannu har aka sallame, ranar na ce ya isa, zan nemi likitan nan da aka taɓa yi min maganarsa.

Ba roba aka sa min a ciki ba. Likitan ya ce fatar da ta sha gashi ta riga ta yi tauri ba ta miƙewa, in aka cusa roba ita kaɗai a ƙarƙashinta sau da yawa wurin ɗaurewa yake ya ƙanƙance ko ɗinkin ya ƙi kamawa. Sai aka ɗebo daga bayana. Akwai wata tsoka mai faɗi kamar faifai da ta taso daga ƙugu ta haura har hammata, latisimus suke ce mata, ita aka ɗago da kitsenta da wani yanki na fata, aka zuro ta ta ƙarƙashin hammata aka kawo gaba aka naɗe ta yi tudu. Ba a yanke jijiyar jinin da ke ciyar da ita ba, kamar dai ki janyo yaɗon kabewa ki ɗora a wata rumfar alhali saiwar na nan inda take. Wajen awa huɗu aka ce an yi, ni dai na san an ce in ƙirga kuma ban kai goma ba.

Daren farko bini-bini nas ta zo ta ɗaga mayafi ta taɓa ta ji ko da ɗumi, ta danna ta ga ko jini na dawowa. Kowa ƙirjin yake lura da shi, ni kuwa ba shi ya dame ni ba, bayan ne, kamar an naɗe ni da igiyar guga an ja an ƙulle.

Talata 21 ga Janairu. Sati 1

Lissafin ruwa daga safiya zuwa safiya: robar gaba mil (wato mililita) 35, ta baya mil 140. An ce sai ya sauka ƙasa da 30 kwana biyu a jere kafin a zare. Launinsa ya fara sakin ja, yanzu kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Ƙanwata ce ke jinyata, ta baro gidanta a Tudun Wada da goyonta, ita ta ɗinka min 'yar jaka da ragowar atamfa ina ratayawa a wuya ina zuba gorunan ciki, dan ranar Lahadi ɗaya ta maƙale a hannun ƙofar banɗaki, ihun da na yi har maƙwabta sun leƙo.

Dokokin da aka ba ni: kar gwiwar hannu ta wuce kafaɗa, kar in ɗauki abin da ya fi butar alwala nauyi, kar in kwanta ta dama ko rub da ciki. To rigingine kuma a kan ɗinkin baya ake kwanciya, ina mutum zai sa kansa. Dabarar da na samo ita ce in ɗan karkata hagu, filo ɗaya a tsaye a bayana, ƙarami ɗaya ƙarƙashin hannun dama. Wanka daga ƙugu zuwa ƙasa, sama sai goge-goge da tawul. Alwala ina yi, sai dai fuska ce ke zuwa wajen hannu ba hannu ke zuwa wajen fuska ba. Salla a kujera.

Maganin ciwon ya ɗaure min ciki kwana uku cur, wannan ba mai faɗa saboda kunya, to ni na faɗa: gwanda, lemo, ruwa da yawa, da zagaya tsakar gida sau goma safe da yamma. Tafiyar dama wajibi ce kar jini ya daskare a ƙafa. Ga hunturu ya buɗe, ƙurar nan ta sa ni tari, kowane tari ɗaya sai na rarumo filo na rungume tukunna.

Juma'a 24 ga Janairu. Kwana 10

Yau saura kiris a yi ta. Hajiya, mahaifiyar Abban yara, ta taso daga Kawo tun da sassafe da kwanon farfesu da man zafi a jaka, kafin in farka daga barcin hantsi har ta sa an ɗora tukunya ta tanadi tawul, wai za ta gasa min wurin jinin da ya kwanta ya narke. Ita fa ta yi min wankan jegon haihuwa huɗu, hannunta na da albarka, shekara 19 ban taɓa ce mata a'a ba.

Na ce, "Hajiya, Allah Ya ƙara girma, likita ya hana ruwan zafi a wurin."

Ta ce, "Likita namiji me ya sani a jikin mace? Ke dai juyo, 'yar nan."

Na rasa ta cewa. Sai na rufe ido na ce ta ɗora yatsa a kan sabuwar fatar duk lokacin da ta so, ni kuma zan faɗa in na ji. Shiru, shiru. Na ce Hajiya ina jira fa. Ta ce, "Ai tun ɗazu yatsana ke kai." Na buɗe ido, ga shi nan kuwa, wallahi ko alama ban ji ba.

Abin kenan. An yanke ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da sanyi, in ruwa na dafa fatar ba zan sani ba sai ta tashi ta yi ruwa, fatar da kuma da jijiyar jini ɗaya take rayuwa. Haka man zafi, haka jakar ruwan zafi, haka jin ɗumin gawayi kusa-kusa da muke yi a sanyin nan. Hajiya ta daɗe tana kallon wurin, ta ce "Ikon Allah," ta gyara min mayafi. Ruwan bai tafi a banza ba, ƙafafuna ta gasa min da shi, kuma gaskiya na ji daɗinsa.

Talata 28 ga Janairu. Sati 2

An zare robar gaba tun Alhamis, ta baya na nan, jiya mil 60. Ruwan ya koma kalar ruwan tsamiya.

Yau bayan wankin ciwo na roƙi nas ta bar ni minti biyu ni kaɗai da madubi. Kafin nan ta sama kawai nake leƙawa. Zan faɗi yadda yake saboda wadda ke tunanin yin aikin kar ta zaci hoton mujalla za ta gani: ya fi na hagu tsayawa sama, ya kumbura, ya yi tauri, ba kan nono, a tsakiya akwai facin fata mai siffar ganyen mangwaro wadda ta fi ta kewayenta haske, dan fatar ƙirjina gashi ya baƙanta ta ita kuwa wannan daga baya ta zo ba ta ga komai ba. A hammata akwai wani tudu inda tsokar ta ratsa, kamar na maƙale ƙaramin lemon tsami. An ce kumburin zai sauka kuma zai zauna a hankali cikin watanni. Ban yi kuka ba, ban kuma yi murna ba, na dai tsaya ina kallo har nas ta ƙwanƙwasa.

Da daddare barci ya ƙi, na shiga intanet ina tone-tone, ashe dabarar ɗauko tsokar baya ba sabuwa ba ce, wani likitan Italiya mai suna Tansini ya bayyana ta tun 1906. Ni da nake ganin kamar a kaina aka fara.

Juma'a 31 ga Janairu. Kwana 17

Mil 28 shekaranjiya, 25 jiya. An zare! Nas ta ce in ja numfashi in saki, sai na ji wani dogon abu na sulalewa a ƙarƙashin fata kamar tana, ba zafi sosai sai dai tsigar jiki. Na dawo gida ba jaka a wuya, Auta ya ce Umma ina gorunanki.

Alhamis 6 ga Fabrairu

Murna ta koma ciki. Tun Litinin nake jin bayan na cika, jiya da na juya a gado sai na ji yana motsi kamar ledar fiya wata an manna min a ƙasan allon kafaɗa, har ƙara yake. Hankalina ya tashi na zaci ciwon ne ya dawo, dan mai kansa duk abin da ya kumbura a jikinta can tunaninta ke fara zuwa. Likita ya ce ruwa ne ya taru a gurbin da tsokar ta bari, siroma sunansa, kuma a irin wannan aikin shi ne abin da ya fi yawan faruwa. Ya sa sirinji ya zuƙe mil 190, ban ji allurar ba tunda wurin a mace yake, aka ɗaure ni da bandeji mai faɗi.

Ya tambaye ni ko na yi wani aiki. Na ce a'a. Ƙanwata ta ce, "Yaya, shara fa?" To, na share ɗakina ranar Lahadi, ɗaki ɗaya tak, na gaji da ganin ƙurar hunturu a kan leda ina zaune ina jiran wani ya ga dama. Ya ce ko ban yi ba zai iya taruwa amma in bari. Hanyar dawowa a keke napep kowane rami sai na ji shi a ɗinki, gaba Abban yara zai riƙa kai ni a mota ko da zai makara wurin aiki.

Alamomin da aka ce in na gani kar in jira ranar asibiti: zazzaɓi, wurin ya yi ja da zafi, ruwa mai wari, fatar facin ta yi baƙi ko sanyi, ƙwauri ya kumbura yana ciwo, ko numfashi ya yi wuya. Na rubuta na manna a jikin firij.

Talata 11 ga Fabrairu. Sati 4

An sake zuƙa, mil 90. Yana raguwa.

Na fara zuwa wurin mai gashin ƙashi, wata baiwar Allah mai haƙuri. Ta ba ni atisayen hawa bango: in fuskanci bango in riƙa tafiya da yatsu sama kamar gizo-gizo har inda ya fara ja, in tsaya in ƙirga goma, in sauko, sau goma, safe da rana da dare. Na ɗauko alli da tef ɗin awo na tela na mai da bangon ɗaki allo. Hannun hagu na kaiwa santimita 203. Na dama yau 152. Gibi 51.

Akwai wata jijiya da ke miƙewa kamar tsirkiya daga hammata zuwa gwiwar hannu in na miƙe shi, har ana ganinta. Ta ce sananniya ce ga waɗanda aka cire wa kaluluwa, da murzawa da miƙewa take saki. Da ta murza sai da na kira sunan Allah da ƙarfi.

Lahadi 16 ga Fabrairu

'Yan dubiya sun yi yawa yau. Yawancinsu an ce musu aikin baya aka yi min, kuma ba ƙarya aka yi ba. Amma Gwaggo ta san gaskiya, bayan an watse ta matso ta ce, "Ni fa ban gane ba. Allah Ya raba ki da ciwo, ki sake kai kanki ga wuƙa? Shekara arba'in da uku, 'ya'ya huɗu, kullum cikin hijabi, wa zai gani? Kar fa ya zama canza halitta." Ta ƙara da kuɗin da aka kashe, ta san na sayar da sarƙata ta gwal na haɗa da kwasar adashi.

Ban mayar mata ba, ba a ja-in-ja da Gwaggo, na ce Allah Ya huci zuciyarki. Amma maganar halittar ni ma ta hana ni barci kafin aikin, sai da na kai ta gaban Yaya babba da ke koyarwa a Islamiyya. Shi ya ba ni labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad da aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Ya ce malamai da wannan suke bambanta wanda ya raina abin da Allah Ya ba shi yana neman ƙari, da wanda ciwo ko haɗari ya ɗauke masa wani abu yana neman gyara. Ya ce, "Ƙanwata, je ki yi, Allah Ya sa a tashi lafiya."

Batun wa zai gani kuwa, ni zan gani. Kullum sau biyu, wankan safe da na yamma. Kuma kafaɗata ta dama har ta fara karkacewa saboda rashin nauyi a gefe ɗaya. Amma ba zan ce kowa sai ta yi ba, akwai wata da muka yi layin kemo tare ta ce ita da ɗakin tiyata har abada, tana nan lafiya lau tana sana'arta a Kasuwar Barci, kuma ban ga ta fi ni rashin kwanciyar hankali ba.

Bango: 163.

Talata 25 ga Fabrairu. Sati 6

Ruwan baya ya tsaya bayan zuƙa ta uku. Ɗinki ya kame gaba da baya. An ba ni izinin kwanciya ta dama in na iya, da ɗaukar kaya kaɗan-kaɗan, da murza tabo. Ina murzawa da man kaɗanya minti biyar safe da dare, na baya 'yata babba ke yi min dan hannu ba ya kaiwa, tabon ya kai tsawon taƙi ɗaya da rabi a kwance daidai inda igiyar rigar mama ke bi. Likita ya ce mu masu baƙar fata tabonmu ya fi saurin tasowa ya yi kauri, in na ga yana tudu yana ƙaiƙayi in zo da wuri akwai filastar silikon da allura. Rigar mama har yanzu marar ƙarfe, mai maɓalli ta gaba.

Wani abin dariya: in na dogara hannu zan tashi daga tabarma sai sabon nonon ya motsa shi kaɗai. Tsokar ba ta san ta yi ƙaura ba, har yanzu aikin baya take yi.

Na tambayi likita, "Dokta, yaushe zan tuƙa tuwo?" Ya yi dariya ya ce in tambayi mai gashin ƙashi. Ita kuwa ba ta yi dariya ba, ta ce Malama ai tambayar kenan. Ta ce tsokar da aka ɗauke ita ce mai jan hannu ƙasa da baya, wato ita ce ta tuƙi, ita ce ta daka, ita ce ta jan guga, ita ce ta kai hannu baya a ɗaure goyo. Duk takardun da aka ba ni na turawa maganar iyo da wasan ƙwallon raga suke, ba wanda ya zauna ya lissafa cewa rabin aikin macen Bahaushe da wannan tsokar ake yinsa. Ta ce sauran tsokokin kafaɗa za su karɓi aikin amma sai an koya musu, ta ba ni wata roba mai talewa in ɗaura a ƙofa in riƙa ja, ta ce muciya sai bayan wata uku kuma a ƙaramar tukunya.

A gidan nan tun Janairu 'yata ke tuƙi, shekararta 17, tana ƙoƙari amma tuwon masararta kullum ko ya yi ruwa ko ya yi gudaji, ina daga kujera ina ba da umarni kamar direban da aka ƙwace wa mota.

Bango: 176.

Talata 4 ga Maris. 4 ga Ramadan

An ɗauki azumi ranar Asabar. Na tambaya kafin nan, likita ya ce tunda ciwon ya rufe kuma na daina maganin ciwo mai ƙarfi zan iya gwadawa, in na ji jiri in ajiye in rama daga baya. Tamoksifen ɗina, maganin hana kansar dawowa, ƙwaya ɗaya ce a rana, na mai da ita bayan buɗa-baki. Shi wannan shekara biyar aka ce min aƙalla, wasu har goma, kuma shi ke sa ni zufar dare, yanzu ga zafi ya fara shigowa, sai in farka kafin sahur rigata sharkaf.

Na koma sujjada a ƙasa. Sauka ba wuya, tasowar ce, da hagu nake dogarawa.

Jiya na je wani kemis a auna min jini, kafin in yi magana yaron ya cafko hannun dama zai naɗa abin awo. Na janye na ce hagu. Ya ce Hajiya ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, hannun da aka cire wa kaluluwa ruwa ba ya gudu a cikinsa kamar da, an ce in kiyaye shi daga matsi da allura da yanka da ƙuna in dai akwai ɗayan, dan in ya kumbura lallaɓa shi ake har ƙarshen rayuwa. Saboda haka suyar ƙosai ta bar hannuna bana, man da ke fallatsa ya isa. Duk Juma'a ina auna kaurin hannayen biyu, santimita 10 sama da gwiwa, in bambanci ya wuce 2 in koma asibiti. Yanzu rabin santimita ne.

Talata 18 ga Maris

Ba abin kirki yau. Bango ya tsaya a 184 kwana tara ba gaba. Na sha azumi biyu. Wasu abubuwa kamar tartsatsin wuta na tsira min a ƙirji da baya, an ce jijiyoyi ne ke farfaɗowa. Na yi wa yara faɗa a kan abin da bai kai ba, Abbansu ya kwashe su suka tafi tarawihi ya bar ni in huce.

Shi dai bai taɓa cewa komai a kan aikin ba sai "yadda kika ga ya fi miki." Shekaranjiya ya tambaya a hankali ko ina jin wurin. Na ce a'a, siffa ce kawai aka mayar, jin bai dawo ba, wataƙila kaɗan ya dawo a gefe-gefe, wataƙila shikenan. Ya ce to Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan kenan.

Lahadi 30 ga Maris. Sallah

Na sa ɗinkin Sallah ba cushe, ba fil, ba taɓa ƙirji kowane minti biyar a ji ko yana nan. Telata da ta auna ni sati biyu da suka wuce ta ce na dama ya ɗan fi tsayi, ta saki ɗinkin ta yadda ba a ganewa. Lalle a hagu kawai aka yi min kuma ja, baƙin nan mai haɗin sinadari yana iya tayar da fata, ban yarda ya kusanci dama ba.

A gidan Hajiya ɗan ƙanwata ya yi ta rigima, na ce a ɗora min shi, aka ɗora, na kai hannu baya zan ja zani sai hannun ya tsaya a ƙugu ya ƙi haurawa. Ƙanwata ta ɗaure min ta baya, na yi minti goma da shi na ce a sauke. Gwaggo na kallo, ta ce, "Rigar nan ta zauna miki," ba ta ƙara ba.

Asabar 12 ga Afrilu. Wata 3 saura kwana biyu

Na tuƙa. Ƙaramar tukunya, garin masara gwangwani uku, na mutum uku. Talge ba matsala, da aka zo zuba gari tuwo ya fara kama muciya nan na san an ɗauke min wani abu, jan da nake yi da ƙarfin baya babu shi, sai kafaɗa da damtse ke ta wahala. Na zauna a kujera 'yar tsugunno na danne tukunyar da ƙafa ta cikin tsumma, na riƙe muciya hannu biyu hagu a sama, na matse gwiwar dama a jiki ina juyawa da ƙugu gaba ɗaya maimakon hannu. Sau uku ina hutawa. 'Yata na tsaye tana cewa Umma kawo, na ce matsa.

Ya yi gudaji, ba da yawa ba amma ya yi, ita kuwa har da tafi wai yau ta rama. Da miyar kuka muka ci. Da daddare bayan ya yi tsami sai da na sha farasitamol, da safe na duba ba ruwa ba kumburi, hannu bambancin na nan rabin santimita.

Bango: 195.

Litinin 28 ga Afrilu

Na koma makaranta. Rubutu a tsakiyar allo lafiya lau, layin sama ne bayan minti biyar hannu ke sanyi, na sa wata doguwa a aji tana rubuta min kwanan wata da kan darasi. Littattafan gyara kashi biyu nake ɗaukarsu.

An ba ni ranar komawa a watan Yuli. Za a yi maganar kan nono, ko a ɗaga fatar wurin a ƙulla shi ko a yi zanensa da allura ko a bar shi haka, da kuma ko za a ɗan ɗaga na hagu su daidaita. Na hagun ban jin zan bari a taɓa shi, lafiyarsa ƙalau, hotonsa na shekara-shekara kawai zan ci gaba da yi. Kan nonon kuma ban yanke ba, wani satin in ce zan yi wani satin in ce na gaji da warin asibiti.

Tabon baya ya ɗan yi tudu a ƙarshensa ta wajen hammata, na fara manna filastar silikon. Tukunyar gidan gaba ɗaya, ta mutum bakwai, mai gashin ƙashi ta ce in bari sai bayan Babbar Sallah. Bango yau 198, saura 5.